Amsar da Na Hana Inna

Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar wata Talata da azahar, a ɗakinta, ni kaɗai a kanta. Mahaifiyar maigidana ce, don haka ba za a ji sunanta a bakina ba, ko a takarda. Mutanen Zuru da Sista suka san ta, Sista mai allurar baya, wadda ta ƙare aikinta tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata.

Gida ya cika, ba zan yi ƙarya ba. 'Yan uwanta sun gangaro daga kan tudu da ankon zumuntar matan cocinsu, suna kuka da yarensu. Matan tsofaffin sojoji sun zo, 'yan Islamiyyarmu sun zo. Amma ni mai kai ruwa da kwashe kwanuka ce a kwanakin nan, kuma mai kwashe kwano babu abin da ba ta ji. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta fito tana goge hannu a zane, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa yatsu uku na hannun daman Inna sun ƙi miƙewa. An shafa mai, an sa ruwan ɗumi, suna nan a lanƙwashe kamar tana riƙe da hannun wani. Kafin la'asar maganar ta zagaye tsakar gida.

"Ai daman," in ji wata maƙwabciyarmu, tana tauna goron sadakar mamaciyar.

"Ke dai Allah shi jiƙan musulmi," in ji ta gefenta. "Mu dai mun ji abin da munka ji."

Abin da suka ji shi ne wai Inna mayya ce, wai ta wuyan hannu take kama kurwar mata masu ciki. Babbar hujjarsu kuwa ni ce. Sun ce tana ba bare maganin naƙuda, amma da aka zo kan matar ɗanta sai ta zare allurar, ta tsaya tana kallon ina shan azaba. Shekara goma sha bakwai ana wannan magana. Akwai amsa ɗaya a bakina da za ta kashe ta, ta kuma ba Inna kwanciyar rai, na riƙe na hana. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Doguwa ce, siririya, da tsagen gidansu a kumatu, ga agogo maƙale a ƙirji ko ranar salla. Ba ta iya fara'a ba. In ta yi murmushi sai ka ɗauka haƙori ke mata ciwo. Ta koyi aikin ne a wani babban asibitin soja can kudu, lokacin tana bin mijinta soja, marigayi Baba, daga bariki zuwa bariki. Da suka dawo gida, ita kaɗai ce a duk yankin ta iya zura 'yar siririyar robar nan a bayan mace don a rage mata zafin naƙuda, ko a yi mata aiki idonta biyu. Kayan ma ba kullum ake samunsu ba.

Gaisuwarta ce ta fara ja mata. Mace ta miƙo hannu, Inna sai ta zarce tafin, ta kama wuyan hannun da yatsu uku, ta yi shiru tana duban agogo. Mai tallan nono ta sha wannan riƙo, matar mai unguwa ta sha. Masu ciki har canza hanya suke a kasuwa in sun hango ta. Wata mata daga Kanya ce kaɗai ba ta gudu ba. Inna ta riƙe ta a rumfar masu manja, ta dubi kumburin ƙafarta, ta ce jininta ya hau, ta tasa ta gaba har asibiti da kwandon cefanenta. Bayan an sallame ta, duk mako Inna sai ta hau mashin ta bi ta har garinsu da abin awon jini a jaka. Matar ta zo ta'aziyya da saurayin ɗanta, ta yi kukan da ya fi na kowa, sauran matan suna kallonta kamar ta yi abin kunya.

Ni dai tsoronta nake ji, kamar kowace amarya. Aikin nata ma a ɓoye na san shi, ina daka a bayan ɗaki tana koya wa ƙananan nas-nas a gindin mangwaro da yamma. Takan ce robar nan makauniya ce, mai zura ta ba ya ganin inda bakinta ya tsaya. Tana iya faɗawa jijiyar jini, tana iya huda zuwa ruwan da ke kewaye da lakar ƙashin baya. In aka juye maganin duka a jijiya, mace ta kama jijjiga, zuciya ta tsaya. In a ruwan laka ne, ƙafa ta mutu nan take, mutuwar ta yi ta hawa har ta kai ƙirji, numfashi ya ɗauke. Shi ya sa ake fara tura ɗan kaɗan na gwaji, haɗe da wani magani da yake sa zuciya gudu in ya shiga jini. Sai a jira, a ƙirga bugun, a tambayi matar me take ji.

"A jira naƙuda ta sake ta tukuna," take ce musu. "Ciwo ma shina sa zuciya gudu. In kunka tura tana cikin murɗa, ba ku gane wane na ciwo, wane na magani."

In mace mai hawan jini ce, ba ta yarda da mai sa zuciya gudun ba sam. Ta ce yana ƙara ɗaga jinin, yana kuma matse jijiyoyin da ɗa yake ci ta cikinsu. Irin wannan kaɗan-kaɗan take ba ta, tana tsayawa tana tambaya. Wani sabon likita ya taɓa yi mata tsaki a kan jiran nan, ya ce yana da sauran aiki. Ta ce masa, "Likita, ƙohwa ba ta kulle ba. Ni nan nika." Ya tsaya kuwa, yana ta duban silin.

Tambayoyinta uku ne, duk macen da ta bi ta hannunta ta haddace su. Me kike ji a bakinki? Kunnenki yana ƙara? Ɗaga mini ƙafa. Abin da ta tsana a duniya kuwa shi ne a ce mata lafiya lau.

"Ba gaisuwa nika yi miki ba," take cewa. "Tambaya ce."

Dalilin wannan tsana, sai da na yi wata bakwai da ciki na ji shi, daga bakin ƙanwar Baba. Tun Inna tana sabuwar dawowa aka kawo wata 'yar Fulani daga wata ruga gaba da Dabai, cikin fari, naƙuda ta yi tsawo. Inna ta zura roba, ta tura na gwaji, ta tambaye ta. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. A lokacin Inna ba ta riƙe hannu, hannayenta suna can suna haɗa sauran kaya, ta yarda da maganar baki. Ta tura sauran maganin. Kafin ta ajiye sirinji yarinyar ta sandare, ta fara jijjiga, ba ta tashi ba, ita da abin cikinta. Ko ta ji wani abu ta ɓoye, ko ba ta ji ba, ta tafi da saninta. Amma kowa ya san tarbiyyar da ake ba mu. Mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta ƙorafi, ko me ta ji ta haɗiye. Daga ranar Inna ta fara kama wuyan hannun mutane.

Nawa cikin da ya tsufa, kullum da safe sai na tarar da kwanon kunun gyaɗa a bakin ƙofata, a rufe da faifai, babu sallama babu bayani. Ranar da naƙuda ta tashi, Mama da ta haife ni ta riƙe kafaɗata a ƙofar asibiti ta ce, "Kin dai san wa za ki tarar a ciki. Kada in ji, kada surukarki ta ji bakinki. Ba mu gaji raki ba."

Tun hantsi nake abu ɗaya, har rana ta take. Na ciji zane, na ciji hannuna. Wajen ƙarfe ɗaya Inna ta shigo da kayanta, ta ce roba ɗaya ce ta rage a asibitin, kuma ta ajiye mini ita. Na so in rungume ta, kunya ta hana. Ta zaunar da ni, ta ce in lanƙwasa baya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ji sanyin auduga, na ji tsini, na ji ta manne wani abu. Ta ja sirinji baya ta duba, babu jini. Ta kwantar da ni ta gefe, ta jira murɗar ta lafa, ta kama hannuna, sannan ta tura.

Ba a jima ba zuciyata ta hau dukan ƙirjina. Kunnuwana suka ɗauki ƙara irin ta gyare, siririya, ba ta yankewa. Bakina ya yi ɗanɗanon tsohon makulli, leɓɓana suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Duk abin da na ji tana lissafa wa nas-nas a gindin mangwaro, ga shi a jikina ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kika ji ga bakinki?"

"Lahiya lau, Inna."

"Kunnenki fa?"

"Ba komi."

Ta dube ni, ta dubi agogo. Yatsunta suka ƙara nutsewa a hannuna.

"Ɗiyata, dube ni. Hwaɗa mini gaskiya. Kin ji ƙara?"

"Ban ji ba, Inna."

Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta sa. Da kunya, ban musa ba, ga maganar Mama a kaina. Amma akwai wanda ya fi kunya muni, yau zan faɗe shi. Na san in na ce na ji, za ta zare robar, kuma babu wata. Ciwon ya kai ni inda na gwammace a tura mini maganin ko me zai faru. Da ta biye mini, da ni da 'yata an binne mu a ranar.

Inna ta dubi kusurwar ɗakin, inda babu kowa sai bokiti da tsumma, ta daɗe tana duba kamar wani ne a tsaye yake mata magana. Ni ma sai da na waiga. Sannan ta juya ni, ta ɓare abin da ta manna, ta zare robar ta jefa a kwano.

Na zage ta a zuciyata, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ba ta fita ba. Ta tsaya a kaina tana goge mini gumi, hannuna a nata, har na haihu bayan la'asar.

Wata nas da take wurin ta fita ta ce wa Mama, ba da mugun nufi ba, "Ikon Allah, yarinyar ta ce lahiya lau har sau uku, Sista ta cire." Iyakar abin da aka buƙata ke nan. Mama ta kwashe ni zuwa wankan jego ranar da aka sallame mu. Da Inna ta zo ganin jaririya, aka naɗe hannayen yarinyar cikin zane tamau, aka miƙa mata ita kamar ƙullin kaya. Ta karɓa, ta duba fuskar, ta mayar. Aka tono zancen 'yar Fulani aka haɗa da nawa, magana ta zauna daram. Maigidana ya yi faɗa da abokai biyu a kan haka, ya tambayi uwarsa, ta ce masa aikin asibiti ba na soro ba ne. Ni kuwa duk wanda ya jajanta mini, sai in sunkuyar da kai in karɓa. Ina jin daɗin tausayin ma, Allah ya yafe mini.

Sau ɗaya ta sake tambayata. 'Yata tana da shekara biyar, muna sussukar dawa mu biyu da hantsi, ta ajiye taɓarya ta ce, "Ran nan, da gaske ba ki ji komi ba?"

Na ce, "Inna, har yanzu? Na ce ban ji ba. An zalunce ni an kuma hana ni sakat?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na zaci za ta yi fushi, sai ta zauna a kan wani kifaffen turmi.

"Bugun hannunki ya tashi," ta ce. "Amma tsoro na tada shi, naƙuda na tada shi. Hannu shi kaɗai ba shi isa shaida ga mai naƙuda, sai da baki. In ba ki ji komi ba, to wataƙila robar na daidai, ni ce tsoron waccan yarinya ya ruɗe. Na bar ɗiyar mutane ta sha wuya a banza."

Ta jira. Na ɗauki taɓarya na ci gaba da sussuka. Sai a ranar na gane ashe ita kanta ba ta san ko daidai ta yi ba, kuma ni kaɗai ce a duniya zan iya gaya mata. Na ce gobe. Goben nan ta ci shekara goma sha biyu. Ba ta ƙara zura wa kowa roba ba sai da wata nas a gefe tana taya ta ƙirga, ba da daɗewa ba kuma ta ajiye aikin.

Ciwon ajalinta ya taɓa mata kai. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, kaji suna kiwo a tsakar gida, sai ka ji ta tana ƙirge a hankali. In ka leƙa, za ka gan ta zaune a bakin gado, ta miƙa hannu gefe, yatsu uku a lanƙwashe a kan iska, daidai tsayin wanda ke kwance. Ta yi tambaya ta ɗaya, ta karkata kunne. Ta yi ta biyu, ta saurara. Sai ta girgiza kai ta ce, "Ƙarya kika yi." Jikokinta suka daina shiga ɗakin. Wata rana na kai mata abinci ta ce in ƙaro cokali, baƙuwarta ba ta ci komai ba tun da aka kawo ta daga ruga. Na ajiye kwanon na fita da baya.

Ranar Talatar, na shiga canza mata zane. Ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Idonta tar a kaina.

"Mi kika ji ga bakinki?"

Na durƙusa. Na ce, "Ƙarhe, Inna. Ƙarhe nika ji."

"Kunnenki?"

"Shina ƙara. Tun da kinka tura shika ƙara. Leɓena ya mutu. Robar na cikin jijiya, Inna, daidai kinka yi. Ki gahwarta mini."

Fuskarta ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba. Na ce alhamdu lillahi, ta ji. Sai ta shafa kaina ta ce, "Yauwa, 'yar Hulani. Kin gani? Da kin hwaɗa mini haka tun ran nan, da yanzu ɗanki na kiwo." Ta dubi bayan kafaɗata, ta ce da wani wanda ban gani ba, "Kada a tura sauran." Aka kira salla a masallacin unguwa. Kafin a tayar, hannunta ya yi sanyi a kan nawa, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya.

Ta samu amsar da ta yi shekaru tana jira, amma a wurinta daga bakin wata ta fito. Tawa har ta koma ga Allah ba ta san ta ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha a waje, mata sun cika tsakar gida ana rabon gumba, na miƙe tsaye. Ni da ko a taron suna ba a jin muryata. Na ce ina da magana a kan mamaciya. Na faɗa musu duka, ƙarar kunnen, ɗanɗanon bakin, sau ukun da na ƙaryata, da dalilin da ya sa. Na ce 'yata can da ke miƙa muku ruwa, da ba don Inna ta ƙi yarda da bakina ba, da ba ku san ta ba. Na ce yatsun da kuke zance a kansu, mutum nawa a gidan nan suka fito duniya a ƙarƙashinsu? Maƙwabciyarmu mai goro ta hau gyaran ɗankwali. Matar Kanya ta ce, "Allahu akbar," da ƙarfi. Sauran kowa ya dubi ƙasa.

Mama tana zaune a bakin rumbu. Ita ta fara kai maganar nan gari, shekara goma sha bakwai ba ta ci abincin da ya fito daga hannun Inna ba, ba ta amsa gaisuwarta da fuska ba. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Kin ji, kinka yi shiru?"

"Ke kinka ce kada ta ji bakina, Mama. Sauran kuwa laihina ne."

Mama ta dafa bango ta tashi, ta nufi soro inda maigidana yake sallamar baƙi, ko mayafi ba ta gyara ba. Ita da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ta tsaya a gabansa, maza suna kallo.

"Ɗana," ta ce, "yanzu wa za ni roƙa gahwara?"



Allah ka jiƙan Inna, ka yalwata mata makwanci, ka sanar da ita abin da na hana ta sani. Mu da muka rage da hakkinta a wuyanmu, ka ba mu ikon ɗauka.